Ɗan Gidan Mahadi a Majigin Amurka

A watan Janairun 1993 gidajen talabijin na Amurka suka fara haska wani shiri mai dogon zango, Star Trek: Deep Space Nine, labarin wata tasha a can sararin samaniya a ƙarni na 24. Cikin 'yan wasan akwai wani saurayi dogo siriri, wankan tarwaɗa, wanda ya fito a matsayin likitan tashar, Dakta Julian Bashir. Sunan da aka rubuta masa a farkon shirin shi ne Siddig El Fadil. A Amurka ba wanda ya damu ya san gidan da sunan ya fito. Amma da za ka je Wad Nubawi, unguwar Ansaru, mabiyan Mahadi, a Omdurman, ka jero cikakken sunan har ka dire a kan El Mahdi, ba sai ka ƙara bayani ba. Yaron ɗan gidan Muhammadu Ahmad Mahadi ne, malamin da ya ci Khartum da yaƙi a 1885, wanda har yau ƙubbarsa ke tsakiyar Omdurman. Sadiƙ al-Mahdi, wanda ya riƙe firaministan Sudan har sau biyu, matsayin baffa yake a gare shi.

An haife shi a Sudan ranar 21 ga Nuwamban 1965. Mahaifiyarsa Baturiyar Ingila ce, kawunsa kuwa shi ne Malcolm McDowell, ɗan wasan da ya yi suna da fim ɗin A Clockwork Orange. Tun yana ƙarami aka kai shi Ingila, a can ya yi wayo, a can ya yi karatu. Shekarun nan ba su yi wa danginsa daɗi ba. Nimeiri ya yi juyin mulki a watan Mayun 1969, a Maris na 1970 kuma aka yi wa Ansaru luguden wuta a tsibirin Aba da Wad Nubawi, aka kashe Imam al-Hadi al-Mahdi a hanyarsa ta tsallakawa Habasha.

Mukan yi saurin alfahari da irin wannan labari, mu ce namu ya kai inda ake kaiwa. Ni kuwa duk lokacin da na bi tarihin Siddig, hankalina komawa yake ga waɗanda ya baro a Omdurman, 'yan wasan da baiwarsu ba ta gaza tasa ba, amma da sun fara kafa gida sai a rushe shi a kansu. Baiwa kyautar Allah ce. Sana'ar ɗan wasa kuwa ba ta tsayuwa sai da dandamali, da marubuci, da mai biya, da 'yan kallon da za su dawo mako mai zuwa. Siddig ya samu waɗannan duka, sai dai a ƙasar wasu ya same su, kuma akwai abin da ya biya.

Bai cika shekara ɗaya a duniya ba aka fito da fim ɗin Khartoum, a 1966. Charlton Heston, babban jarumin Amurka na zamanin, shi ya fito a Janar Gordon, Baturen da ke riƙe da Khartum lokacin da Mahadi ya ci ta. Mahadi kuwa sai aka ba Laurence Olivier, Baturen Ingila: aka shafe masa fuska da kwalliya mai duhu, aka naɗa masa rawani, ya ƙirƙiro wata karyar harshe da ba ta yi kama da maganar kowa ba a gaɓar Nilu. Shekara guda kafin nan ma haka aka shafe shi ya fito a Othello. A Masar aka ɗauki fim ɗin. An nuna Gordon da Mahadi suna zaune ido da ido suna muhawara, alhali a tarihi ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙu kawai suka riƙa aika wa juna har Khartum ta faɗi ranar 26 ga Janairun 1885. In za a yi adalci, fim ɗin bai mai da Mahadi abin dariya ba, ya nuna shi mutum mai yaƙini. Amma zuciyar labarin tana wajen Gordon. Ansaru kuwa ƙura ce kawai da masu da ihu, ba mai suna a cikinsu, ba mai uwa, ba wanda aka nuna dalilin da ya fito da shi daga gida. Kuma a shekarar nan ta 1966, a watan Yuli, Sadiƙ al-Mahdi, tattaɓa-kunnen Mahadin, ɗan shekara 30 da ya yi karatu a Oxford, ya zama firaminista. Gidan da aka mai da shi tatsuniya a majigi yana nan da ransa, yana riƙe da gwamnati.

Wannan ba labarin baƙi ba ne a wurinmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa tun daga Adamawa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ga alhazan ƙafa da suka yada zango a Jazira da Gadarif da Khartum har zangon ya zama gida. A cikin rundunar da fim ya mai da ita ƙura akwai mutanen Yamma, waɗanda Sudanawa ke kira Fallata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai wannan lokaci Omdurman ba ta rasa 'yan wasa ba. Rediyon Omdurman ya fara magana tun 1940. A 1959 aka buɗe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a bakin kogi, daura da gidan rediyon, talabijin kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1960. A 1965, shekarar da aka haifi Siddig, Asiya Abdelmajid ta hau wannan dandamali a wasan Pamseeka, a zamanin da fitowar mace gaban jama'a a wasan daɓe ke jawo wa iyayenta magana. Ita ake lissafawa mace ta farko da ta riƙi wasan a matsayin sana'a a Sudan. Ga Al-Fadil Sa'id, wanda yake wa Sudanawa abin da Samanja da Karkuzu suke mana: yakan yafa mayafi ya zama Bit Gudaim, tsohuwa mai kaifin baki, ko ya zama al-Ajab, ya faɗa wa mahukunta da talakawa gaskiya cikin raha. Daga 1967, ƙarƙashin al-Faki Abdurrahman, gidan wasan ya fara tsara kakar wasanni duk shekara, a 1969 aka kafa makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. A 1976 darakta Khalid al-Siddiƙ na Kuwait ya mai da littafin Tayyib Salih, Urs al-Zain, fim, Ali Mahdi Nuri ya fito a Zain. Jadallah Jubara ya gina nasa ɗakin ɗaukar fim a Khartum, ya yi Tajouj. Ana cikin ɗora tubali ke nan.

Gidajen silima ma sun wadata, tun daga Coliseum da aka buɗe a Khartum a 1935. Yawancinsu ba rufi, sama ce rufinsu. Duk wanda ya shiga Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano ya san fasalin: katanga doguwa, benci a gaba don masu ƙaramin tikiti, kujeru a baya, mai rake da mai gyaɗa a bakin ƙofa, a jira duhu ya sauka bayan magariba kafin a kunna majigi. Da bos ya leƙo sai fili ya kaure da zagi, da jarumi ya taso a yi ta tafi da fito, in hadari ya haɗo kowa ya ɗaga kai yana lissafi. Indiya da Masar da kaboyi, su ne abincin Omdurman kamar yadda suke abincin Kano. Garuruwan biyu sun koyi kallo iri ɗaya, kuma sun rasa gidajen kallon kusan lokaci ɗaya.

Shi Siddig a Landan ya koyi sana'ar, a makarantar LAMDA. A farkon shekarun 1990 ya fito a matsayin Sarki Faisal ɗan Sharif Husaini a fim ɗin talabijin A Dangerous Man: Lawrence After Arabia, tare da Ralph Fiennes. A nan furodusa Rick Berman ya gan shi. Da farko kwamandan tashar ya so ba shi, da aka ga ya yi ƙuruciya sai aka ba Avery Brooks, shi kuma aka ba shi likita.

Shirin ya yi zango 7, kashi 176, daga 1993 zuwa 1999. A dubi abin da shekara bakwai na aiki ba yankewa ke yi wa ɗan wasa. Bashir na farkon shirin yaro ne mai rawar kai da yawan surutu, 'yan kallo da yawa ba su ƙaunace shi ba. Da a masana'antar da ba ta da haƙuri ne, da nan labarin ya tsaya. Amma marubuta suka samu lokacin gyara shi, shi ma ɗan wasan ya samu lokacin nuna. Aka ƙulla masa abota da injiniya O'Brien da tela Garak, aka kai shi fagen yaƙi, a zango na biyar aka tona cewa iyayensa sun sa an taɓa ƙwayoyin halittarsa yana yaro saboda yana da jinkirin fahimta, asirin da ya daɗe yana ɓoyewa. Har kashi biyu na shirin Siddig ya ba da umarni da kansa. Kuma a duk tsawon shirin ba a taɓa mai da asalin likitan abin tuhuma ba. Likita ne, shi ke nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna cewa a watan Agustan 1993 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci, a 1997 ta ƙaƙaba mata takunkumi, a Agustan 1998 ta harba makamai masu linzami kan masana'antar magunguna ta al-Shifa a Bahri.

A 1995 ya sauya sunan aiki ya koma Alexander Siddig, ya ce mutane sun kasa furta El Fadil. Ba na ganin laifinsa, mai neman abinci ya san inda ƙofa take da ƙunci. Amma abin yana sosa mini rai, domin Amurkawan nan sun iya furta Schwarzenegger.

Akwai wani ɓangare na sana'ar da ba a gani a majigi. A wancan zamani ɗan wasan Amurka yana da ƙungiya, SAG, wadda ta yi yajin aiki a 1960 ƙarƙashin Ronald Reagan ta samo wa mambobinta asusun fansho da na lafiya, da kaso idan an haska finafinansu a talabijin. Charlton Heston kansa shi ne shugaban ƙungiyar lokacin da Khartoum ya fito. Saboda haka wanda ya yi shekara bakwai a shiri irin wannan ba ya fita hannu rabbana. Mu a nan mun sha ganin dattijon da ya shekara talatin yana sa mu dariya ya bayyana a waya, a kwance, ana roƙa masa kuɗin magani. Ba rowa ce ta yi mana yawa ba, taimakon ma ana yi. Tsarin da zai sa aikin jiya ya ciyar da mutum yau ne ba mu kafa ba, Sudan ma ba a bar ta ta kafa ba.

Ranar 30 ga Yunin 1989 Umar al-Bashir ya kifar da gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi. Watanni kaɗan kafin nan wasu daraktoci da suka yi karatun fim a Jamus da Rasha da Masar, su Ibrahim Shaddad da Sulaiman Muhammad Ibrahim da Manar al-Hilo da al-Tayyib Mahdi, sun kafa ƙungiyarsu ta masu shirya fim don su tsaya da ƙafarsu. Juyin mulkin ya dakatar da ita, wasunsu suka yi gudun hijira. Dokar hana fitar dare ta kashe kasuwar silimar da ba ta aiki sai da duhu. Tacewa ta yi tsanani, kuɗin shigo da finafinai ya gagara. Bidiyo da tauraron ɗan'adam suka ƙarasa abin da ya rage, kamar yadda suka yi a Kano. Bambancin shi ne a Kano bidiyon ya haifar da sabuwar masana'anta, tun daga Turmin Danya a 1990. A Khartum 'yan wasa suka koma dogaro da talabijin ɗin gwamnati, wadda ke da abin da take so a faɗa.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Hollywood ta shiga neman fuskokin Larabawa, yawanci don ɗaukar bam. A nan ne, a ganina, Siddig ya yi aikin da ya fi cancanci a tuna shi da shi. A 2005 ya fito a manyan finafinai biyu. A Kingdom of Heaven na Ridley Scott shi ne Imad, na hannun daman Salahuddin, wanda jarumin fim ɗin, Balian, ya bar shi da ransa a sahara yana zaton bawa ne, daga baya shi ma ya rama alherin a filin daga. A Syriana kuma shi ne Yarima Nasir, ɗan sarkin wata ƙasar mai a yankin Gulf. Akwai wurin da yake zaune da mashawarcinsa Ba'amurke, wanda Matt Damon ya fito a matsayinsa. Baƙon ya gama yi masa gorin cewa sun ɓarnatar da arzikinsu. Nasir bai ɗaga murya ba. Ya zayyana abin da yake so ya yi, majalisa, kotu mai zaman kanta, 'yancin zaɓe ga mata, sannan ya nuna masa cewa da ya ba kamfanin Sin kwangila saboda sun fi kowa tayi mai tsoka, nan take ya zama abokin gaba a idon Washington. Siddig ya yi wannan da ido da ɗan jinkiri tsakanin kalma da kalma, irin na wanda ya saba a raina masa hankali ya kuma gaji da bayani. Duk wanda ya taɓa zama gaban jami'in biza zai gane wannan kallo.

Amma a lura da ƙarshen Nasir: makami ya tarwatsa motarsa da iyalinsa. A shirin 24, a 2007, ya fito a Hamri al-Assad, tsohon ɗan ta'adda da ya ajiye makami yana neman sulhu, shi ma bam ya ci shi. Alƙalamin yana hannun wasu, kuma Balaraben kirki a wannan alƙalami ba ya yawan kai ƙarshen labari. Sai a Cairo Time na Ruba Nadda, a 2009, aka bar shi ya zama mutum kawai, Tariƙ, mai gidan gahawa a Alƙahira, ba bindiga ba sarauta. Daga baya ya zama Doran Martell a Game of Thrones, da Ra's al Ghul a Gotham. Ɗan Hijaz, ɗan Gulf, Bamisire, sarkin ƙasar da babu ita a taswira: a duk waɗannan da suka yi masa suna babu inda ya fito a ɗan Sudan.

A shekarar 2005 ɗin nan, a watan Yuni, Al-Fadil Sa'id ya rasu a Port Sudan, inda ya je da 'yan wasansa. Kusan shekara hamsin ya yi yana yawo da wasa gari-gari, a kan aikin kuma ajali ya same shi. A wajen Sudan kaɗan ne suka ji.

Wanda yake son ganin abin da shekara talatin na al-Bashir suka yi wa wannan sana'a ya nemi Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, wanda ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a bikin Berlin na 2019. Dattawan nan huɗu ne na ƙungiyar 1989, gashi ya yi fari, suna ƙoƙarin farfaɗo da silimar al-Thawra a Omdurman don su nuna fim ɗaya kyauta. Ka gan su da tsintsiya da bokiti suna wanke farin bangon da ƙura ta rufe, suna gwada fitila, suna bin samarin unguwa da takarda suna tambayar wane fim suke so, aka tsaya a kan Django Unchained. Sai hawa da sauka a ofisoshi: wannan ya tura su wancan, jami'an tsaro su nemi bayani, a ce a dawo. Izinin bai fito ba. Abin da ya riƙe ni a fim ɗin shi ne yadda suke kula da juna, da yadda in wuta ta ɗauke suke kama wasa a cikin duhu, ɗaya ya yi kamar yana riƙe da kyamara, ɗaya ya zama jaruma. Mutane ne da aka hana su aikinsu a shekarun ƙarfinsu, ba su kuma bar son aikin ba.

A watan Afrilun 2019 aka tumɓuke al-Bashir, sai ga abin da ke danne ya taso. You Will Die at Twenty na Amjad Abu Alala ya ci kyautar fim ɗin farko a Venice a 2019. Goodbye Julia na Muhammad Kordofani, labarin wata matar Khartum da wata 'yar Kudu a shekarun da suka kai ga rabuwar ƙasar a 2011, ya zama fim ɗin Sudan na farko da aka zaɓa a hukumance a bikin Cannes, ya kuma ci kyauta a watan Mayun 2023. Iman Yusuf da Siran Riak suka ja fim ɗin, Sudanawa suna magana da bakinsu a kan laifin da suka yi wa juna. Tsakanin fuskar Olivier da wannan rana shekara 57 ne.

Sai dai kafin a haska shi, yaƙi ya riga ya ɓarke tun 15 ga Afrilu tsakanin soja da dakarun RSF. A farkon Mayu harsashi ya samu Asiya Abdelmajid a Bahri, tana da shekara 80. Ba a iya kai ta maƙabarta ba saboda ruwan wuta, aka binne ta a harabar makarantar yara inda take aiki. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka adana muryoyi da hotunan rabin ƙarni, ya zauna a hannun RSF har Maris na 2024. 'Yan wasa da mawaƙa suka watsu, Alƙahira, Kampala, Nairobi, Riyad. Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Duk mai riƙe da kaset ɗin wasannin Kasimu Yero ko Samanja, gidan talabijin ne ko ɗan kasuwa, ya kamata labarin wannan gini ya tashe shi tsaye.

A Janairun 2025 aka nuna wani sabon fim a bikin Sundance, shi ma sunansa Khartoum. Matasan daraktocin Sudan huɗu, Anas Sa'id da Rawiya Alhag da Ibrahim Snoopy da Timeea Ahmad, tare da Phil Cox, sun fara ɗaukar rayuwar mutum biyar a birnin: ma'aikacin gwamnati, mai shayi, ɗan kwamitin gwagwarmaya, da yara biyu masu tsintar robobi. Yaƙi ya katse aikin. Da suka tsira, sai suka haɗu a Nairobi, aka rataya koren ƙyalle, mutanen nan da ba su taɓa koyon wasa ba suka riƙa kwaikwayon abin da ya same su, suna shiga labarin juna.

Siddig ya cika shekara 60 a Nuwamban 2025. Ina da burin in gan shi, ko sau ɗaya, ya fito a matsayin mutumin Omdurman, a labarin da ɗan Sudan ya rubuta, tare da 'yan wasan da suka tashi a dandamalin bakin kogi. A 1966 ba a nemi irin waɗannan marubuta ba, a 1993 an rufe musu baki. Yanzu akwai su, Kordofani da Abu Alala da Gasmelbari, kuma duniya ta san sunayensu. Dukkansu a wajen Sudan suke aiki.